In ba za ki samu zuwa ba, dan Allah ki faɗa tun da wuri

Duk shekara da zarar Rajab ya kama aka doshi Sha'aban sai katunan biki su fara zubowa a waya ba ƙaƙƙautawa, kowa so yake ya aurar kafin azumi, Juma'a ɗaya sai ka tarar da ɗaurin aure uku ko huɗu duk bayan an sauko daga masallaci, Asabar kuma sha ɗaya na safe wani a nan cikin gari wani a Zariya wani a Katsina, ga kamu ga walima ga yini ga dina. Ba mahalukin da zai iya zuwa duka, wannan kowa ya sani har su masu bikin. Ni abun da ke damuna ba rashin zuwan ba ne, yadda muke amsa gayyatar ne, ko kuma in ce yadda ba ma amsawa sam.

A gidanmu in biki ya taso ni ake ɗora wa lissafin abinci da kujeru, shi yasa nake kallon maganar nan daga ɓangaren madafa, ba daga ɓangaren wadda ta ci kwalliya ta zo ta zauna ba. Za ki tura wa mutum kati, ki bi shi da saƙon murya ki ambaci sunanta ki gaishe ta ki ce Anti dan Allah muna sa ranki, ki ga alamar nan ta koma shuɗiya wato ta buɗe ta gani, shikenan shiru. Wata kuma sitika za ta cillo miki mai ɗauke da Masha Allah da furanni, wata ta rubuto Allah ya sanya alheri, wanda addu'a ce mai kyau kuma muna so muna godiya, amma fa ba ta gaya min ko in sa ki a lissafi ko kar in sa ki ba. Mafi yawa kuma su ce in sha Allah, kuma wallahi daga yadda aka faɗe ta wani lokacin kana jin cewa mai maganar ya riga ya yanke a ransa ba inda za shi.

Da can ba haka abun yake ba, dan gayyata da ƙafa ake yin ta. Na taso na ga ana ƙulla goro da alewa a 'yar takarda ko leda, a ba wata dattijuwa a dangi ko a tura 'yan mata biyu su bi gida gida, su yi sallama su durƙusa su gaida matan gida su ce wai in ji Hajiya a gaya muku an sa ranar wance, rana kaza ne ɗaurin aure. Matar gidan tana karɓar goron nan take za ta ba da amsa, ko ta ce kai madalla Allah ya kai mu da mu za a yi, ko ta ce ayya ki gaya wa Hajiya ranar muna ƙauye wajen sadakar arba'in amma in na dawo zan leƙo. 'Yan aiken su koma su zayyana wa uwar biki, gidan wane suna tafe su da surukarsu, gidan wane maigidan ne ba lafiya da kyar su samu fitowa. Kafin magariba ta san inda ta dosa. Ba wanda ya kira wannan da wani suna na musamman, amma amsa gayyata ce cikakkiya, tunda ido da ido ba ka da damar yin shiru.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, sai kira da tes suka fara rage wa 'yan aike tafiya, daga baya WhatsApp ya zo ya kwashe sauran, a 2014 ma suka ƙaro alamar shuɗin nan mai nuna an karanta saƙo. Sauƙi ya samu sosai, ba na musu, mutum yana Legas ko Jidda kati zai same shi cikin daƙiƙa. Sai dai sauƙin ya zo da wata ƙofa da da babu ita, wato ka ga gayyata ka wuce abunka ba wanda ya tsare ka da ido.

Kuma a daidai lokacin da amsar ta ɓace, a lokacin ne bikin ya koma na lissafi. Bikin da, tuwo ne da shinkafa a manyan tukwane a tsakar gida, wanda ya zo ya ci, in an ƙaru a ƙara ruwan miya, in ya ragu maƙwabta da almajirai su kwashe. Yanzu hol ake kamawa mai iya adadin kujerunsa, mai girki tun saura sati za ta kira ta ce Hajiya mutum nawa zan yi wa, kuɗinta a kan kowane faranti yake, lemo da ruwa katan katan ake ƙirgawa, robar tekawe ma da lissafi ake sayowa, ga katin shiga da ake bugawa daidai kujeru a ba masu gadi umarnin kar su bar kowa sai da shi. Ko a gida za a yi, kanofi da kujerun haya ƙirga su ake. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa kowa ya san yadda kuɗin mota da na cefane suka koma, uba sai ya yi shekara yana tari ko ya ci bashi kafin ya fitar da 'yarsa, toh a irin wannan halin kujera ɗaya ba ƙaramin abu ba ce.

Na san za a ce ai abinci ba ya asara a ƙasar Hausa, in ya ragu sadaka ce. Gaskiya ne ana bayarwa, amma duk wadda ta taɓa kwana gidan biki ta san yadda ake. An tashi daga dina sha ɗayan dare, an dawo da kuloli gida kowa ya gaji liƙis, ba wuta balle firji ya ɗauka, da asuba ki buɗe kular soyayyiyar shinkafa ki ji ta fara tsami, murfin duk ya yi gumi, haɗin kabejin nan ya saki ruwa, kajin ne kawai za a yi saurin tsamewa a sake soyawa. Uwar biki na tsaye a kai da zanin jiya a jikinta tana cewa ba komai, amma kina ganin idonta kin san lissafin bashin take yi. Kuma ni ba ma abincin ne ya fi ci min rai ba. Kujerar ce. Dan kafin a ba ki katin nan sai da aka zauna da biro da takarda aka soke sunan wani. An soke maƙwabciyar da ta wuni tana yankan albasa, an soke ƙawar amarya ta islamiyya, an ce a yi musu bayani kati ya ƙare. Ranar dina tebur guda ya wuni ba kowa, ita kuma maƙwabciyar tana gida ta ƙullaci mutane har yau gaisuwa sama sama ake. Da kin ce ba za ki samu zuwa ba tun saura kwana biyar, da katin ya je hannunta.

Na fahimci dalilin da yasa muke haka, kunya ce da kara. An tarbiyyantar da mu cewa ba a ce wa babba a'a, ba a kallon idon mutum a ce ba zan zo sabgarka ba, sai muke ganin in mun yi shiru ko mun ce in sha Allah mun fita kunyarsa. Niyyar mai kyau ce. Amma ki duba wa ya kwana da nauyin, ke kin huta da jin nauyin minti ɗaya a waya, shi kuma kin bar shi da asara da zaman jira da waige waigen ƙofa. In dai dan a kyautata wa mutum ake karar, toh wannan ba ta kyautata mishi ba.

Kuma akwai yadda ake faɗa ba tare da an ci fuskar kowa ba, manyanmu sun iya sarai. Akwai wata gwaggonmu, ƙanwar babanmu, in aka kai mata kati ba ta kwana ba ta kira ba. Za ta fara da gaisuwa a tsanake, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi addu'a Allah ya sa abokiyar arziki ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, sannan ta ce, toh 'yar nan ki gaya wa babarku ɗaurin aure da yini ina nan in Allah ya yarda, amma dinar nan ta dare ku ba wani katin, ƙafata ba ta son zaman kujera kuma ba na son fitar dare. Shikenan fa. Ba wanda ya taɓa jin haushinta, hasali ma ita ce mutum ta farko da nake rubutawa a lissafi dan maganarta ba ta canzawa. In ta ce tana tafe da mutum biyu toh biyun ne.

Abun da ke cikin amsar tata ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, ta yi godiya, ta yi addu'a, ta faɗi wanda za ta zo da wanda ba za ta zo ba, kuma ta faɗa da wuri. Ba dole ba ne ma ki zayyana dalili. Ki ce Yaya, na ga kati na gode Allah ya sanya alheri, wallahi ranar ba zan samu dama ba amma zan shigo in gaida Umma kafin nan, wannan ya wadatar. Ba sai kin ƙirƙiro tafiyar da babu ita ko ciwon da ba kya yi ba, dan ƙarya ce, kuma garin nan ƙarami ne, za a gan ki a wani bikin a hoton sitatus. In kuma da gaske ba ki sani ba tukun, misali maigida bai ba da izini ba ko ba a fitar da jadawalin aiki a asibiti ko ofis ba, sai ki faɗi hakan ki sa rana, zan gaya miki zuwa Laraba, Larabar kuma ki kira.

Addini ma bai bar maganar nan a matsayin ganin dama ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cikin haƙƙoƙi shida na musulmi a kan ɗan uwansa akwai in ya gayyace ka ka amsa masa, tare da sallama da nasiha da gaida mai atishawa da duba mara lafiya da rakiyar gawa. Akwai kuma na Ibn Umar a Bukhari da Muslim cewa in an gayyaci ɗayanku walima toh ya je. Har mai azumi ba a ce ya yi zamansa shiru ba, cewa aka yi ya amsa ya yi musu addu'a. Waɗanda suka yi karatun Risala a zaure ko islamiyya za su tuna cewa an yi sharaɗin babu wasan banza ko munkari bayyananne a wurin, cin abincin kuma zaɓi ne, kuma Imam Malik ya yi rangwamen ƙin zuwa saboda yawan cunkoso. Wato uzuri karɓaɓɓe ne, wadda ba ta zuwa wurin kiɗa da cakuɗa ba ta yi laifi ba. Amma wanda ke da haƙƙi a kanka in ba za ka iya sauke shi ba ai mafi ƙarancin abu ka sanar da shi.

Ita kuma in sha Allah, a Suratul Kahfi aya ta 23 da 24 aka umarce mu kar mu ce za mu aikata abu gobe sai mun haɗa da ita. Wurinta shi ne abun da ka yi niyyar yi har zuciya, kana dai miƙa ikon ga Allah. Ina jin nauyi sosai in na ji an mai da sunan Allah mafakar zillewa, har ta kai yara sun gane, ka ce wa yaro in sha Allah ya ce a'a Baba ni dai ka ce eh.

Wani abun kuma shi ne ta wace hanya za ka amsa. Ni a ganina amsa ta bi sawun gayyatar. Wanda ya tako ƙafa har gida ya kawo miki kati da goro, in ba za ki je ba toh ki taka ki je ki ba da haƙuri ko aƙalla ki kira, zumunta a ƙafa take. Wanda ya kira a kira shi. Babba kuwa, kawu ko gwaggo ko surukai ko malaminka, ko da ta WhatsApp ɗansa ya turo maka katin ba a mayar mishi da sitika ko ɗan yatsa, kira ake yi a gaishe shi. Tsakanin ƙawaye da abokai saƙo ya isa. Lambobin nan da ake jerawa a ƙasan kati ma an sa su ne dan a sanar da zuwa ko rashinsa, mu kuma sai ranar bikin muke kiransu muna tambayar kwatance.

Su ma masu gayyata suna da nasu laifin, dole in faɗa. Ka ɗora kati a sitatus ko ka watsa a guruf mai mutum ɗari biyu, wannan sanarwa ce, ba ka gayyaci kowa da sunansa ba, dan haka ba ka da hurumin ƙullatar wanda bai zo ba ko bai ce komai ba. Na ɗaurin aure a masallaci dama na kowa ne, maza su taru a shafa fatiha a watse, ba ya buƙatar lissafi. Amma in kina son mutum a wurin da aka ƙirga kujera, ki neme shi shi kaɗai, ki ambaci sunansa, ki gaya mishi a fili cewa kina son jin amsa kafin rana kaza saboda mai abinci. Mutane da yawa ba mugunta ce ke sa su shiru ba, ba su san ana jiran amsarsu ba ne. Kuma a daina kai kati ana gobe biki sannan a zo ana ƙorafi, wanda aka gayyata a daren ƙarshe ya san cike gurbi aka yi da shi.

Sai maganar rakiya. Kati ɗaya, sai ki ga mace ta iso da ƙanwarta da 'yar maƙwabta da yara uku, a tsaya a ƙofa ana cacar baki da masu gadi, a kira uwar amarya tana tsakiyar baƙi ta fito ta ba da haƙuri, kunya ta ishi kowa. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim na wani mutumin Madina Abu Shu'aib da ya sa aka yi girkin mutum biyar ya gayyaci Annabi (SAW) a cikin biyar ɗin, sai wani ya biyo su, da suka iso Annabi ya gaya wa mai gidan cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini in ka so ya koma, mai gidan ya ce ya yi masa izini. Manzon Allah ne fa, wanda ba gidan da ba za a yi murnar ƙarin baƙonsa ba, amma sai da ya tambaya. Toh mu me zai hana tun a waya mu ce Anti zan iya zuwa da wance? In an ce kati ya ƙare kar a ji haushi. Wanda aka jawo ba da sanin masu gida ba shi ma an zalunce shi, dan shi za a kalla a matsayin ɗan gayyar soɗi alhali ba shi ya kawo kansa ba.

'Yan uwa na jiki su kuma sukan ce bikin farar kaza ai balbela ba sai da gayya ba. Haka ne, ba mai kai wa 'yar uwarsa kati yana jiran ta ce za ta zo. Amma ku ne ma kuka fi buƙatar yin magana da wuri, dan ku masu kwana ne. In za ku taso daga Maraɗi ko Jos ko Abuja ku faɗi ku nawa ne, yaushe za ku iso, kwana nawa za ku yi, da yara ko babu, saboda a nemi ɗaki a maƙwabta a tanadi katifa da abin kari. Mota guda ta sauka da sha biyun dare ba sanarwa, murna ake yi da gaske, amma wani ne zai kwana a tabarma a tsakar gida.

Anko kuwa shi ne inda amsar baka ke zama kuɗi tsagwaronsa. An ɗora hoton atamfa ko leshi a guruf an ce mai so ta yi magana, sai a yi ta a ajiye min a ajiye min, ƙanwar amarya ta ɗauki kuɗin mutane ko nata ta shiga Kantin Kwari ta ɗauko daidai yawan waɗanda suka yi magana, wani lokacin ma bashi ɗan kasuwar ya ba ta saboda sabo. Biki ya zo ya wuce, turmi goma na jibge a ɗaki, masu a ajiye min sun daina ɗaga waya, ɗan kasuwa kuma ba ya karɓar kayan da aka riga aka yanka. Ba dole ba ne yin anko wallahi, kuma ba abun kunya ba ne ki ce wannan karon ba ni da hali zan sa abun da nake da shi, duk mai hankali zai gane a wannan zamanin. Amma in kin ce a ajiye, toh kin saya, ki tura kuɗin ko ki janye tun kafin a je kasuwa.

Suna ba shi da wannan dogon lissafin, kwana bakwai ne kowa ya sani, in ba ka samu raɗin suna da safe ba ka je barka kafin ko bayan. Jana'iza kuwa dama ba a jiran gayya.

Yakan faru ka amsa da niyya ɗaya kuma Allah bai nufa ba, yaro ya kwana da zazzaɓi, mota ta lalace a hanya, aka yi rasuwa a unguwa. A nan ma ba shiru za a yi ba ana jin nauyi har wata uku a haɗu a wani taron ana sunkuyar da kai. In da sauran lokaci a tura saƙo ga wanda ke riƙe da lissafi, ba amarya ko uwarta ba dan ranar ba sa duba waya, a ce ga abun da ya faru a ba wani katina. In lokaci ya ƙure, washegari ko jibi a kira, sannan cikin satin a shirya a je gida a yi Allah ya sanya alheri, da 'yar gudummawa in akwai, in babu a je hakanan. Sau da yawa ma zuwan bayan biki ya fi daɗi, gida ya yi sarari, uwar amarya ta huta za ta zauna da ke ku yi hira ta nuna miki hotuna, abun da ranar taro ko gaisawa da kyar za ku yi.

Mu kuma da ake ba uzuri mu koyi karɓa. Dalilin da yasa mutane da yawa ke gudun faɗin gaskiya shi ne sun san abun da zai biyo baya, au bikin namu ne ba za ki zo ba, ai na wance kin je, a yi ta gori har a kai ƙara wajen iyaye. In muna haka toh mu muke koya wa mutane yi mana in sha Allahun da ba ta kai zuci ba. Wadda ta kira ki tun saura sati ta ce ba za ta samu zuwa ba ta taimake ki ne, ki ce mata ba komai Allah ya bar zumunci na gode da kika gaya min da wuri, ki ɗauki biro ki gyara lissafinki, in an yi rabon kayan biki kuma ki sa a kai mata nata cincin da dubulan har gida.